Na'urar Daidaita Zafi a Motar Gida: Aikinta da Hanyoyin Gano Cutarta

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa tamkar gida, da ɗakin kwana da madafa da makewayi duk a cikinta. Mafi yawan irin waɗannan motoci a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su, kuma kamfanin Winnebago, wanda ya yi suna a wannan sana'a, ya fitar da tasa ta farko mai injin kanta a shekarar 1966. Iyali kan ɗebi kayansu su shiga, yau su yini a hamadar Arizona inda zafin bazara kan haura digiri 45 a ma'aunin Salshiyas, jibi su kwana a kan duwatsu inda ruwa kan daskare kafin asuba. Bangon motar kuwa siriri ne, ba ya riƙe sanyi, ba ya tare zafi kamar ginin ƙasa. Saboda haka jin daɗin mutanen ciki, wani lokaci ma har da rayuwar jariri ko dabbar da aka bari a kulle, ya rataya ne a kan wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba, wanda ake mannawa a bango. Sunansa na'urar daidaita zafi, masu gyara kuwa suna ce masa tamostat.

Mai karatu ya san wannan na'ura ko da bai taɓa ganin motar gida ba. Ita ce ke sa dutsen guga na lantarki ya yi ƙas ya ɗauke wuta in ya yi zafi, ita ce kuma ke sa firji ya yi gurnani na ɗan lokaci sannan ya yi shiru. Dabarar tsohuwa ce. Wajen shekarar 1620 wani mutumin Holan mai suna Cornelis Drebbel ya yi amfani da ita a akwatin ƙyanƙyasar ƙwan kaji. A shekarar 1883 kuma Warren Johnson, malami a wata kwalejin horon malamai a jihar Wiskonsin, ya yi rajistar tasa mai aiki da lantarki. An ce abin da ya tunzura shi shi ne yawan shigowar mai kula da murhun makaranta cikin aji don duba zafi ana tsakiyar darasi.

Tsofaffin na'urori suna aiki ne da falle biyu na ƙarfe daban-daban, alal misali tagulla da baƙin ƙarfe, waɗanda aka manne wuri guda. Idan zafi ya ƙaru, tagulla takan fi miƙewa, sai fallen ya lanƙwashe ya raba wayoyi biyu, wuta ta yanke. Idan ya huce sai ya koma ya haɗa su. Na zamani kuwa suna ɗauke da wani ɗan ƙwayar abu wanda turjiyarsa ga lantarki ke raguwa gwargwadon ƙaruwar zafi, ƙaramar kwamfuta kuma ta karanta wannan canji ta mai da shi lamba. Ko wace iri ce, aikin ɗaya ne: ta auna zafin ɗaki, ta gwada shi da lambar da aka saita mata, sannan ta ba murhu ko na'urar sanyaya ɗaki umarnin tashi ko tsayawa. Akan bar mata ratar digiri ɗaya ko biyu tsakanin kunnawa da kashewa, don kada injin ya dinga tashi yana mutuwa kowane minti.

Ɗalibin ilmin halittu zai ga cewa ya san wannan tsari tun daga jikinsa. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira haifotalamas, wanda ke riƙe zafin jikin ɗan Adam a wajen digiri 37. In jini ya ɗumama ya sa a yi gumi, in ya huce ya sa a yi makyarkyata. Abin da ke faruwa a zazzaɓin cizon sauro ya fi ban sha'awa, domin sashen bai lalace ba, lambarsa ce aka sauya. Sinadaran da jiki ke fitarwa wajen yaƙi da ƙwayar cutar sukan ɗaga lambar zuwa digiri 39 ko 40, sai jikin da ke kan 37 ya ɗauka sanyi yake ji, majiyyaci ya nemi bargo da tsakar rana. Sa'ad da lambar ta sauko, sai gumi ya karyo. Wannan bambanci tsakanin na'urar da ta mutu da wadda aka saita ba daidai ba shi ne abu na farko da mai gyara ke nema.

Abu na biyu shi ne wuta. Motar gida tana da lantarki iri biyu, kuma rashin sanin haka ya sa mutane da yawa sun sayi sabuwar na'ura alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau. Tamostat da fankar murhu suna cin wutar batir mai ƙarfin bolt 12, amma na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi tana bukatar bolt 120 daga janareto ko daga turken wuta na sansanin matafiya. Don haka in fuskar tamostat ta yi duhu, a duba batir da fis tukuna. In kuwa fuskar tana haske amma sanyi bai zo ba, mai yiwuwa babbar wutar ce ta yanke. Akwai kuma jinkirin minti biyu zuwa uku da aka saka da gangan kafin injin sanyi ya sake tashi bayan an kashe shi, don matsin iskar da ke cikin bututunsa ya daidaita. Mai gaggawa yakan ɗauki wannan jinkiri a matsayin lalacewa.

Sha'anin murhu ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan ne aka fi ɗora wa tamostat laifin da ba nata ba. Murhun yana ƙona gas ɗin furofen, kuma ba ya kamawa sai an bi matakai a jere. Da umarni ya zo, fanka ce ke fara juyawa don ta kori duk gas ɗin da ya taru. Iskar fankar sai ta tura wani ɗan faifai mara nauyi wanda ke rufe makunni. Sai makunnin ya rufu ne ake buɗe gas a ƙyasta wuta. In batir ya yi rauni, ya sauka ƙasa da kimanin bolt goma da rabi, fanka takan juya amma iskarta ba ta isa ta tura faifan ba, sai a ji iska mai sanyi kawai tana fitowa. Gashin kare ko ƙura da suka maƙale a faifan ma suna jawo haka. Wani mai laifin kuma ƙwaro ne da kowane ɗan ƙauye ya sani, wato zanzaro, wanda kan gina ɗakinsa na laka a cikin bututun hayaƙi idan mota ta daɗe a ajiye. Yawancin murhunan yanzu sukan gwada kamawa sau uku, in abin ya faskara su kulle kansu. Buɗe wannan kulli ba wuya: a kashe tamostat, a dakata kaɗan, a sake kunnawa. Amma in ana jin warin gas, ko an ga baƙin hayaƙi a bakin bututu, kada a sake gwadawa. A rufe tukunyar gas, a buɗe tagogi, a nemi gwani, domin murhun da bututunsa ya toshe yana iya tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mai barci.

Wani lokaci na'urar tana aiki amma ƙarya ake gaya mata. In rana na dukan bangon da take kai, ko tana kusa da madafa, za ta karanta zafin da ya fi na ɗakin. Ajiye ma'aunin zafi na hannu kusa da ita na kwata ɗin awa zai tona wannan.

Sai bayan an gama duk waɗannan ne ake zuwa ga sake saita na'urar, wato a share abin da ƙwaƙwalwarta ta riƙe, ta sake gane injinan da ke haɗe da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire fis ko a raba wayar batir na ɗan mintuna. Kowane kamfani kuma yana da tasa hanyar. A samfurin CCC2 na kamfanin Dometic, misali, akan kashe na'urar, a danne maɓallin zaɓen aiki da na zaɓen sashe lokaci guda har wani rubutu ya bayyana a fuskarta, sannan a saki. Idan lambar E1 ta ci gaba da fitowa, ma'anarta sadarwa ta yanke tsakanin tamostat da allon da ke kan rufi, kuma sau da yawa laifin na siririyar wayar da ke haɗa su ne, wadda girgizar hanya ke kwancewa ko danshi ya sa bakinta ya yi tsatsa.

A tsofaffin murhuna masu waya biyu kacal, gwani kan cire wayoyin daga jikin tamostat ya haɗa su da juna. In murhu ya kama, to tamostat ɗin ce ta mutu. Wajen sayen wata kuwa sai an lura, domin yawancin na gidajen Amurka an yi su ne don wutar bolt 24 mai kai-komo, ba za su yi aiki da batirin mota ba sai irin waɗanda ke ɗauke da ƙananan baturansu.