Farfesa Osuntokun da Binciken Cutar Jijiyoyin Motsi a Nijeriya

Gabatarwa

A Suleja da sauran garuruwanmu, idan hannun mutum ya fara shanyewa a hankali, maganarsa ta fara sarƙewa, akan ce sammu ne ko taɓuwar iska. Alhali akwai wata cuta da likitoci suka daɗe da sani mai irin waɗannan alamomi, wato cutar jijiyoyin motsi. Wannan maƙala za ta yi bayanin cutar, da gudummawar da wani masani ɗan ƙasarmu, Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, ya bayar wajen fahimtarta.

Yadda Cutar Take

A cikin ƙwaƙwalwa da laka akwai ƙwayoyin jijiya waɗanda aikinsu shi ne kai saƙo ga tsoka domin ta motsa. Idan suka fara mutuwa sai tsoka ta raunana, ta rame, ta riƙa ɓari. Daga hannu ko ƙafa abin yakan kai ga harshe da haɗiya, daga ƙarshe ya kai ga numfashi. Galibi gani da ji ba sa taɓuwa. Likitan Faransa Charcot ne ya fayyace ta a ƙarni na 19. Yawancin masu ita kan rasu cikin shekara biyu zuwa biyar, ko da yake masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, ya rayu da ita daga 1963 har 2018. Har yanzu ba a sami maganin warkewa ba. Maganin riluzole da aka fara amfani da shi a 1995 jinkirta ta kawai yake yi kaɗan.

Aikin Osuntokun

An haifi Osuntokun a Okemesi ta ƙasar Ekiti a 1935. Ya karanci likitanci a Ibadan, ya ƙaro ilimin jijiyoyi a Newcastle ta Ingila, sannan ya dawo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. A wancan zamani kusan duk abin da aka sani game da cutar daga marasa lafiyar Turai da Amurka aka samo shi. Shi da abokan aikinsa biyu, Adeuja da Bademosi, sai suka bi diddigin marasa lafiya 92 'yan Nijeriya, suka buga sakamakon a mujallar Brain a 1974. Sun nuna cewa cutar tana kama baƙar fata kamar kowa, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka duba sun daɗe da ita fiye da yadda aka saba gani a Turai.

Wani aikin da ya fito da sunansa shi ne binciken wata cutar jijiya dabam mai sa tangaɗi da raunin gani da ji. Ya danganta ta da gubar sayanaid da ke cikin rogon da ba a sarrafa da kyau ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin garin rogo abinci ne a gidajenmu. Jiƙa rogo na 'yan kwanaki da shanya shi sosai ne ke rage gubar.

Tasirinsa

Osuntokun ya rasu a 1995, amma ya bar ɗalibai. A 2004 Ibrahim Imam da Adesola Ogunniyi sun sake nazarin cutar a Ibadan, suka buga a wata mujallar likitanci da ke da tushe a Sakkwato. Har yau mai rubutu kan cutar a Afirka ta Yamma da wuya ya tsallake aikin 1974.

Kammalawa

Masu iya magana na cewa sai an san ciwo ake neman maganinsa. Wanda ya ga rauni yana ƙaruwa wata bayan wata, ya nemi likitan jijiyoyi. Daga Suleja, Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ba su da nisa. Gane cutar da wuri yana ba da damar gashin ƙashi da taimakon ci da numfashi, ya kuma hana iyali ƙarar da dukiya wurin 'yan tsibbu. Mu kuma ɗaliban Hausa, aikinmu ne samar wa irin wannan ilimi kalmomi a harshenmu.