Fegi ba takarda, gida ba kwanciyar rai

A ƙarshen watan Ogusta na 2024 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Maraɗi, gidajen laka suka yi ta zubewa. A damanar wannan shekara sama da mutum 300 suka rasu a faɗin Nijar, fiye da miliyan ɗaya kuma ambaliya ta shafa. Wanda ke gidan haya, in gini ya faɗi, sai ya kwashe ɗan abin da ya saura ya nufi wata makaranta ko gidan dangi. Mai gidan kansa ma ba lallai ya tsira ba, domin nan take ake tambayarsa: ina takardarka?

Nan gizo ke saƙa. Ɗan kasuwar Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni yakan shekara biyar yana zubin adashe, ya sayi fegi a bayan gari hannun magada, a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a shafa fatiha. Ciniki ya halatta a idon jama'a, amma takardar mai gari daban, takardar magajin gari da ake kira acte de cession daban, cikakkiyar takardar mallaka ta hukumar filaye kuma ita ce uwa. Ranar da aka zo yanka unguwa, sai ka ga hanya ta bi ta tsakar gidan mutum, ko wani ya ɓullo da tasa takardar a kan fegin nan guda. Kuma fegin da ya yi araha ƙwarai, a bincika, galibi bakin kwazazzabo ne ko hanyar ruwa. Mai sayarwa ba zai faɗa maka ba, musamman da rani.

Tun 2006 hukuma ta fito da takardar mallaka mai sauƙi da ake kira Sheda, domin rage kuɗi da yawan zirga-zirga. A ƙarshen 2018 aka buɗe bankin gidaje na ƙasa a Yamai. Sai dai banki albashin wata yake so ya gani, ɗan kasuwa kuwa ribarsa tana bin iyaka ne. An rufe ta daga Ogusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har farkon 2024. Mai gidan haya bai san an rufe iyaka ba, wata na ƙarewa zai aiko.

A Oktoban 2024 gwamnati ta sauke farashin siminti da kashi 35 cikin 100, abin da ya sa wasu suka koma kan ginin da suka bari a rabi. To amma kafin a buga bulo ko ɗaya, gara mutum ya je ofishin magajin gari da lambar feginsa a duba masa rajista, ya kuma koma wurin cikin watan Ogusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya ga inda ruwan ke bi.