Bayanin Ƙarya da Karya Yarjejeniya Kafin Wa'adi a Dokar Ingila

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta duba hanyoyi biyu da yarjejeniya kan lalace ta cikinsu a dokar Ingila, wadda Nijeriya da Ghana suka gaji tushenta tun zamanin mulkin mallaka. Ta farko tana faruwa ne kafin a ƙulla yarjejeniya, ta biyu kuwa bayan an ƙulla amma wa'adin cikawa bai yi ba. Ɗalibai kan haɗa su wuri ɗaya, alhali kuwa hukuncinsu ya sha bamban.

2.0 Bayanin Ƙarya

Ana nufin maganar da ba gaskiya ba game da wani abu da ke akwai ko ya riga ya auku, wadda ta ja hankalin mutum har ya ƙulla ciniki. Ra'ayi kawai bai isa ba. A shari'ar Bisset da Wilkinson ta shekarar 1927, mai sayar da gona a Niyu Zilan ya ce a ganinsa gonar za ta ɗauki tumaki 2,000. Da yake masu sayen sun san bai taɓa gwada irin wannan kiwo a faɗin gonar ba, kotu ta ɗauki maganarsa a matsayin hasashe, ta ƙi rushe cinikin.

Hukunci kuma ya danganta da halin mai maganar. A shari'ar Derry da Peek ta 1889, shugabannin wani kamfani sun shelanta cewa suna da ikon tafiyar da motocinsu na kan dogo da tururi, daga baya hukuma ta hana su izini. Majalisar Dattawan Ingila ta ce babu zamba, domin sun gaskata abin da suka faɗa. Wannan ya bar wanda sakacin wani ya cuta cikin wahalar samun diyya. Dokar 1967 ta sauƙaƙa masa: mai maganar zai biya diyya, sai fa in ya tabbatar da cewa yana da ƙwaƙƙwaran dalilin gaskata maganarsa.

3.0 Karya Yarjejeniya Kafin Wa'adi

A nan babu ƙarya a farkon lamari. Ɓangare ɗaya ne ke bayyana, da baki ko da aiki, cewa ba zai cika ba. A watan Afrilu na 1852, De La Tour ya ɗauki Hochster aikin rakiya a wata tafiya ta Turai da za a fara ranar 1 ga Yuni. Ranar 11 ga Mayu ya rubuta masa cewa ya fasa, shi kuwa ya kai ƙara ranar 22 ga Mayu. A 1853 kotu ta yanke cewa ba sai ya zauna jiran ranar ba, yana da ikon neman diyya nan take, ya kuma nemi wani aikin.

Wanda aka saɓa wa yana da zaɓi biyu: ya karɓi fasawar ya nemi diyya, ko ya ƙi karɓa ya jira. Sai dai jiran na da haɗari. A shari'ar Avery da Bowden ta 1855, an shaida wa shugaban wani jirgin ruwa a Odesa cewa babu kayan da za a loda masa, amma ya tsaya yana ta nema. Kafin kwanakin lodin su cika sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Rasha, yarjejeniyar ta faɗi da kanta, mai jirgin ya tashi a tutar babu.

4.0 Kammalawa

Tambayar da mai nazari zai fara yi ita ce: yaushe ɓarnar ta shigo? Idan kafin ƙulla yarjejeniya ne, ana iya warware ta kowa ya koma matsayinsa na farko. Idan bayan ƙullawa ne, diyya kan kai wanda aka cuta matsayin da zai kasance da a ce an cika alkawari.