Giyar Zarce da Sulluɓewar Mai a Tsofaffin Motocin Amurka

Abin da za mu duba yau shi ne dalilin da ya sa tsohuwar mota mai canja giya da kanta take shan mai, take kuma zafi a doguwar tafiya.

Irin wannan mota ba ta da kulocin da direba ke takawa. A madadinsa akwai wani tulun ƙarfe cike da man giya, ana kiransa kwanbata, wanda ya bayyana a motocin Buick a 1948. A cikinsa akwai fanka biyu suna fuskantar juna. Inji yana juya ta farko, ita kuma ta watsa mai a kan ta biyu, ta biyun ta juya ƙafafun mota. Tun da yake mai ne kaɗai ya haɗa su, ta biyu ba ta taɓa cim ma ta farko. Wannan rata ita ce sulluɓewa, ƙarfin da ya salwanta a cikinta kuwa zafi yake zama.

Bayan tsadar man fetur ta 1973, kamfanonin Amurka suka nemi magani ta hanya biyu. A 1978 Chrysler ya sa ɗan kuloci cikin kwanbata, wanda ke ɗaure fankokin su zama abu guda idan mota ta miƙe hanya. Dabara ce da Packard ya riga ya yi amfani da ita tun 1949. Hanya ta biyu ita ce giyar zarce, watau giya ta huɗu wadda sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafu take fin inji saurin juyawa. Ford ya fitar da tasa a 1980. A akwatin giya 700R4 na General Motors, na 1982, injin da ke juyi 3,000 a minti a giya ta uku yakan sauko zuwa 2,100.

To, a nan gizo ke saƙa. Kwanbata ta fi sulluɓewa idan inji yana juyawa a hankali ga kuma nauyi. Saboda haka wanda ya sa wa tsohuwar motarsa giyar zarce, amma bai haɗa kulocin ɗaurewa ya yi aiki ba, ribar da ya ci a fetur za ta ragu, man giya ya ƙone, akwatin ya lalace tun kwanansa bai kai ba. Lalle dabarun nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ba a raba su.