Ciwon Suga: A Rage Tuwo, a Ƙara Miya

Jinin da ke jikin babban mutum kusan lita 5 ne. Idan lafiyarsa ƙalau, kuma ya kwana bai ci komai ba, sukarin da ke yawo a cikin jinin nan gaba ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. To, a dubi farantin shinkafa. Kowane giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana ɗauke da sitaci kusan giram 28, kuma abin da mai abinci ke zuba wa magidanci yakan kai giram 300. Hanji zai narke sitacin nan ya mai da shi sukari, ya tura fiye da giram 80 cikin jini a 'yan sa'o'i kaɗan.

Mai lafiya ba ya ma sanin an yi. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, tana fitar da sinadarin insulin, shi kuma ya kwashe sukarin ya shigar da shi tsoka da hanta. A nau'i na biyu na ciwon suga, wanda shi ke damun kusan mutum 9 cikin 10 na masu ciwon, jiki ya daina jin maganar insulin yadda ya kamata, gaɓar kuma ta gaji da aiki. Sai sukari ya tsaya a jini yana cin jijiyoyi a hankali: ido ya dushe, ƙoda ta lalace, ƙafa ta mutu har ƙaya ta soke ta mutum bai ji ba. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, fiye da rabinsu kuma ba su san suna da shi ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mutumin da ya sani, yake kuma iya ƙoƙarinsa. Za ka ji ya ce, "Wallahi na daina shan sukari, amma sugan ya ƙi sauka." Gaskiya ya faɗa. Sai dai a bi abincinsa na wuni guda. Da safe koko kofi biyu da burodi. Da rana taliya ko shinkafa da mai da yaji. La'asar ta yi, a dama fura. Da dare malmala biyu ta tuwon masara, miya kuwa ɗan abin da za a dangwala. Ko ƙwayar sukari bai saka a baki ba, amma tun asuba har kwanciya sitaci yake ci, cikinsa na mai da shi sukari.

Daga nan sai 'yan uwa su kawo shawarar da ta zama ruwan dare: a koma tuwon acca da na alkama. Acca hatsi ce, alkama ma hatsi ce, kuma sitaci ne mafi yawan abin da ke cikinsu. Alkamar da aka niƙa ta yi laushi tana ɗaga suga sosai. Wanda aka ce masa "wannan abincin masu suga ne" yakan saki jiki ya ci fiye da yadda zai ci tuwon dawa, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Haka zuma. Tana da daraja a wurinmu, amma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma jini ba ya tambayar daga ina sukari ya fito. Lemon kwalba kuwa ba sai an daɗe a kansa ba: kwalba mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙananan cokula 9.

Rage sitaci ba sabuwar dabara ba ce. Tun 1797 wani likitan sojan Birtaniya, John Rollo, ya riƙa hana masu ciwon suga abincin gari yana ba su nama da kitse. Bayan Frederick Banting da Charles Best sun gano insulin a Toronto a 1921, daga baya kuma aka samu ƙwayoyin sha, sai hankali ya koma kan magani. A 'yan shekarun nan an dawo kan maganar abinci da hujjoji. A 2019 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta fitar da matsayar masananta cewa, cikin hanyoyin cin abinci da aka gwada, rage yawan sitaci da sukari shi ya fi samun shaidar sauke sugan jini. A Birtaniya, binciken DiRECT na Farfesa Roy Taylor da Farfesa Mike Lean, wanda aka buga a mujallar Lancet a ƙarshen 2017, ya nuna cewa kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka ɗora kan tsarin rage ƙiba ciwonsu ya lafa bayan shekara ɗaya ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Wannan binciken yawan abincin gaba ɗaya ya rage, ba sitaci kaɗai ba, amma ya tabbatar da abin da Taylor ya daɗe yana faɗa: kitsen da ya taru a hanta da fankiriyas shi ke toshe aikin insulin, idan ya narke aiki na iya dawowa, musamman ga wanda ciwon bai daɗe a jikinsa ba. Lafawa ce, ba warkewa ba. Ƙiba ta dawo, ciwo ya dawo.

A tukunyarmu, abin da wannan ke nufi shi ne a juya kwano. Miya ta zama ita ce abincin, tuwo ya zama ɗan rakiya. Masana na kiran abinci mai ƙarancin sitaci idan abin da aka ci a wuni bai kai giram 130 ba, amma ba kowa ne zai zauna yana awo ba. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya, daga baya rabi, ya cika cikinsa da miyar kuɓewa, ko ta alayyafo, ko ta kuka mai kauri. Muna da arzikin ganye da mutane da yawa ke rainawa: zogale, rama, yakuwa, tafasa, kabeji, ga yalo da gauta. Kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da albasa da tumatir abinci ne cikakke, yana riƙe ciki, kuma ba ya ɗaga suga kamar shinkafa. A bar sukarin da wasu ke barbaɗawa a ciki kawai.

Na san za a ce nama da kifi sun yi tsada, kuma haka ne. Talaka ba don sha'awa yake cika cikinsa da garin kwaki ba. Amma akwai awara, akwai ƙwai, akwai gyaɗa da riɗi da kindirmon da ba a sa masa sukari ba. Wake yana da sitaci, sai dai harzarsa da furotin ɗinsa suna sa ya shiga jini a hankali, don haka alale ko ƙosai sun fi burodi nesa ba kusa ba wajen karin kumallo.

Jikin kowa da yadda yake karɓar abinci, shi ya sa na fi yarda da ɗan injin gwajin suga a kan maganar kowa. A soki yatsa kafin a ci, a sake bayan sa'a biyu, a rubuta a littafi tare da sunan abincin. Ga yawancin manya, ana so sugan ya kasance tsakanin 80 da 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 bayansa. Wanda ya ga lambar da fura ta ba shi yau, gobe ya ga ta kwaɗon rama, ba ya buƙatar wa'azi. Tsinken gwajin yana da tsada, to a yi amfani da shi a kan abincin da aka fi ci kullum.

Tafiya a ƙasa tana taimakawa ƙwarai, domin tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2002 ya nuna cewa, ga waɗanda ke dab da kamuwa, motsa jiki na minti 150 a mako da rage ƙiba kaɗan sun rage kamuwa da kashi 58 cikin 100, ƙwayar maganin suga ta metformin kuwa da kashi 31. Takawa zuwa masallaci mai ɗan nisa bayan abincin dare ta fi hawa babur.

Akwai haɗari, kuma dole a faɗe shi ƙarara. Mai yin allurar insulin, ko mai shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, idan ya rage tuwo bai rage magani ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70: jiki ya ɗau rawa, gumi ya keto, ido ya yi duhu, har ya kai ga suma. A wannan lokacin sukari shi ne magani, a ba shi ruwan sukari nan take muddin yana iya haɗiya. Saboda haka kafin a taɓa abinci a je wa likita a ce, "Ina so in rage sitaci, yaya za a yi da maganina?" Mai nau'i na ɗaya na ciwon suga ba ya barin insulin ko da wane irin abinci ya koma. Mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, da wanda dama siriri ne yana ramewa, kowannensu tsarinsa daban, likita ne zai tsara masa.

Sannan a gidajenmu ba mai ciwon ne ke riƙe da muciya ba, kuma ba shi kaɗai yake cin kwanonsa ba. In maigida ne ke da ciwon, ya tafi da uwargida ganin likita ta ji bayanin da kunnenta. In tsohuwa ce, a tafi da 'yar da ke dafa mata. A ƙara kuɗin cefanen ganye, a daina matsa masa a wurin biki da "ɗan taɓa mana, ai ɗaya ba ta yin komai". 'Ya'yan gidan su ma a riƙa gwada su idan sun girma, domin ciwon yana bin jini.