Jarida da Ilimin Zamantakewa: Karatu Biyu da Yankin Ƙonni Ke Buƙata a Haɗe

A ranar 27 ga Oktoban 2008, kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A yankin Birnin Ƙonni lamarin ya faru. An sayar da ita tana 'yar shekara 12, ta zama wahaya. Bayan an 'yanta ta a 2005 ta auri wanda take so, sai tsohon ubangidanta ya ce har yanzu matarsa ce, aka yanke mata ɗaurin wata shida.

Ɗan jaridar da bai san mece ce wahaya ba zai ɗauki wannan shari'a a matsayin rikicin aure. Sai wanda ya fahimci yadda asali da dukiya da al'ada ke ɗaure mutum zai gane cewa bauta ce aka lulluɓe da sunan aure, duk da dokar 2003 da ta mai da ita laifi. Ƙungiyar Timidria, wadda ta tsaya wa Hadijatou, ta daɗe tana bayyana wannan bambanci. A nan ne aikin jarida da ilimin zamantakewar al'umma, wato sosiyoloji, suke haɗuwa.

Gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela cike suke da irin waɗannan labarai. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kafafen labarai sun fi mai da hankali kan motocin kaya da suka maƙale tsakanin Ƙonni da Illelar jihar Sakkwato. Amma mutanen ɓangarorin biyu dangi ne, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, don haka rufewar ta taɓa biki da jana'iza da neman magani. Haka ma albasar Galmi: faɗin kuɗin buhu abu ne mai sauƙi, bayanin dalilin da ya sa manomi ke sayarwa da araha lokacin girbi don biyan bashi kuwa sai an zauna da mutane. Ga kuma cirani, wanda ke kwashe samari zuwa Abijan da Libiya da Najeriya, ya bar mata da ɗawainiyar gida.

To ina ɗalibin da ya ci bakaloreya zai nufa? Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, wadda ta fi kusa, an fi saninta da shari'a da tattalin arziki. Ana karanta sosiyoloji a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Aikin jarida kuwa sanannen gidansa shi ne IFTIC a Yamai, wadda yanzu ake kira ESSCOM. Ke nan mai son duka biyun yakan yi ɗaya ne ya ɗora ɗaya a kai. A Najeriya, Jami'ar Bayero ta Kano na koyar da fannonin biyu, sai dai da Ingilishi.

Kowane fanni na cike giɓin ɗan'uwansa. Jarida na koyar da tantance labari, da jin ta bakin kowane ɓangare, da rubutu cikin ƙurarren lokaci. Sosiyoloji na koyar da haƙurin bincike da tambayar wa ke amfana, wa kuma aka hana magana. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001 ta nuna amfanin hakan, inda masu bincikenta suka yi nazarin cin hanci na yau da kullum da yadda ake karɓar marasa lafiya a asibitoci.

Iyaye kan tambaya: wane aiki za a samu? Tambayar na da tushe, domin kafafen labarai masu zaman kansu da rediyoyin karkara ba su da ƙarfin biyan albashi mai tsoka, ga ƙarin shekarun karatu da tsadar zama a Yamai. Sai dai mai fannoni biyu na iya aikin bincike da tattara bayanai ban da ɗakin labarai. Kuma ɗan Ƙonni ko Malbaza na da abin da baƙo ba shi da shi: harshen mutanen da amanarsu, a lokacin da saƙon murya na WhatsApp ke rigan rediyo isa ƙauye.