Kafin sayen sabon injin goge fentin mota: Abin da ya kamata a fara aunawa

Duk wanda ya ɗauki kula da ƙyallin motarsa a matsayin abin sha'awa yakan kai wani matsayi da ƙaramin injin da ya fara da shi zai daina gamsar da shi. Ya yini yana goge bonet, hannu ya yi tsami saboda girgiza, amma da rana ta haska sai siraran karce-karcen nan masu kama da saƙar gizo-gizo su sake bayyana. A nan ne tunanin sayen babban inji ke zuwa, kuma a nan ne mutane da dama ke yin kuskuren da yakan kai su ga mai fenti, domin sukan zaɓi inji ne bisa ƙarfinsa, alhali abin da ya kamata ya ja ragamar zaɓin shi ne kaurin fentin da za a ɗora injin a kai.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke kama ƙarfe, sai launi, sai kuma fatar sama, wadda ba ta da launi, garai-garai take kamar gilashi, kuma ita ce ke ba da ƙyalli tare da kare launin daga zafin rana. Idan aka haɗa su duka, kaurin fentin da ya fito daga kamfani yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180, fatar saman kuma ba ta cika wuce maikiron 35 zuwa 50 ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma silin gashin mutum yakan kai kimanin 70. Wato duk aikin gogewa yana gudana ne a kan abin da bai kai silin gashi kauri ba. Injin ba ya cike karce. Abin da yake yi shi ne kankare fatar da ke kewaye da karcen har ta daidaita da zurfinsa. Abin da aka kankare ya tafi ke nan, ba ya tsirowa, kuma ranar da soso ya huda fatar ya isa ga launi babu man da zai gyara wurin sai sabon feshi.

Injinan iri uku ne

Na farko shi ne mai juyi ɗaya, wanda faifansa ke juyawa a kan sanda ɗaya tak kamar fanka. Shi ne tsohon hannu a garejin fenti, kuma Makita 9237 da DeWalt DWP849X suna cikin sanannunsa. Gudunsa yakan kama daga kimanin zagaye 600 zuwa 3,000 ko fiye kaɗan a minti guda. Yana cin karce da sauri, amma lissafi kaɗan zai nuna inda haɗarinsa yake: soso mai faɗin milimita 150 da ke yin zagaye 1,500 a minti, bakinsa na gudu a kan fenti da saurin da ya haura kilomita 40 a awa, alhali tsakiyarsa kusan a tsaye take. Idan mai riƙe da shi ya karkata hannu, ko ya daɗe a wuri ɗaya, zafi yakan taru nan take, musamman a kan kusurwa da bakin ƙofa inda fenti ya fi siranta, da kuma kan bamba ta roba wadda ba ta watsar da zafi kamar ƙarfe. Ko bai ƙona ba, yakan bar sawu mai walƙiya da ke fitowa fili a kan baƙar mota idan rana ta take. Inji ne nagari a hannun wanda ke aiki da shi kullum. Ga mai goge motarsa sau ɗaya ko biyu a shekara, zai yi wuya hannu ya faɗa kafin fenti ya ji jiki.

A nan ya kamata a ja kunne game da wata dabara da ake gani jefi-jefi, ta ɗaura soso a kan injin yankan ƙarfe na masu walda saboda kamanninsu ɗaya. Wannan injin yakan yi zagaye 10,000 zuwa 11,000 a minti, ninki uku ko fiye na iyakar gudun injin gogewa. Ba shi da gurbi a jikin mota.

Na biyu shi ne mai juyi biyu. Faifansa ba a kan tsakiyar sanda yake ba, an ɗan goce da shi gefe, don haka yana kaɗawa cikin ƙaramin da'ira, sannan wannan kaɗawar ce ke sa shi juyawa da kansa ba tare da wani abu ya tilasta masa ba. Amfanin hakan shi ne soso ba ya bin hanya ɗaya sau biyu a jere, zafi ba ya taruwa sosai, kuma idan aka danna da ƙarfi fiye da kima juyin yakan tsaya. Wannan tsayawar ita ce kariyarsa, ita ce kuma rauninsa, domin soson da ya daina juyawa ya kusan daina aiki. Yawancin masu sha'awa da irin wannan suke farawa, mai faɗin kaɗawa milimita 8 ko 9. Porter-Cable 7424, wanda ya buɗe wa mutane da yawa wannan harka a Amurka, daga dangin injinan goge katako ya fito.

Kamfanin Rupes na ƙasar Italiya ne ya yaɗa wani sabon salo na wannan iri da jerin injinansa na BigFoot, inda aka faɗaɗa kaɗawar zuwa milimita 15 da kuma 21. Da faɗin kaɗawar ya ƙaru, sai tazarar da soso ke shafewa a kowane zagaye ta ƙaru, aikin ya yi sauri ba tare da an koma ga haɗarin mai juyi ɗaya ba. Yanzu kamfanoni da yawa, har da na ƙasar Sin masu rahusa, suna ƙera irinsa.

Na uku shi ne mai haƙoran giya, wanda yake kaɗawa yana kuma juyawa dole, komai dannawar da aka yi masa. Flex XC 3401 na Jamus, mai kaɗawar milimita 8, shi ne ya fi suna a wannan rukuni, sai Rupes Mille mai milimita 5. Ba ya tsayawa a kan lanƙwasa, wanda hakan babban abu ne ga motoci masu yawan tudu da kwari a jiki. Sai dai yana da jan hannu, yana son ya tafi inda ya ga dama, kuma tunda ba ya tsayawa, kariyar da ke cikin na biyu ta ragu. Makita na da PO5000C da PO6000C da ake iya sauya su daga wannan yanayi zuwa wancan da maɓalli.

Tsakanin 15 da 21

Ga mafi yawan masu sha'awa da ke neman ƙarin mataki, gardamar a nan take ƙarewa, kuma mai milimita 15 da faifai mai faɗin milimita 125 ya fi cancanta. Mai 21 yakan zo da faifan milimita 150, yana kuma burgewa a kan faffaɗan wuri kamar rufin babbar jif ko gefen bas. Amma jikin ƙaramar mota ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Da an zo kan fenda, ko ginshiƙin da ke tsakanin gilasai, ko kwarin da ke ƙasan marfin ƙofa, babban soso ba ya kwanciya daidai, juyinsa ya tsaya, bakinsa kuma ya riƙa dukan roba da madubi. Mai 15 yana shiga wurare da yawa da wancan ba zai shiga ba, saurin da aka rasa a kan bonet kuma bai taka kara ya karya ba ga wanda mota ɗaya ce ko biyu a gabansa.

Akwai ma wanda sabon babban inji ba shi ne buƙatarsa ba. Idan tsohon yana aikinsa a faffaɗan wuri, matsalar kuma a bamba da ginshiƙai take, ƙaramin inji mai faifan milimita 75 zai fi masa amfani, ya riƙe tsohon don manyan wurare. Wasu tsofaffin masu kaɗawar milimita 8 suna karɓar ƙaramin faifai, abin da masu dogon kaɗawa ba su cika yarda da shi ba saboda an daidaita nauyin cikinsu ne da faifai guda.

Sau da yawa kuma laifin ba na inji ba ne sam. Gwaji mai sauƙi shi ne a ja layi da alƙalami mai kauri a bayan faifai, a kunna, a duba: idan layin yana zagayawa, soso na aiki, idan kuwa yana rawa a wuri ɗaya, to an danna da yawa ko an karkata. Soso ɗaya da ya cika da mai da burbushin fenti ba ya cin komai, don haka masu aikin kan tanadi huɗu zuwa shida don mota guda. Sauya soson kumfa da na ulu ko na zare mai laushi, tare da man da ya fi kaifi, yakan ƙara wa tsohon inji ƙarfin da mai shi bai san yana da shi ba, a kan kuɗin da bai kai rabin na sabo ba. Fentin ma ya bambanta. An san yawancin motocin Japan da fenti mai taushi, mai saurin gyaruwa da saurin karcewa, na Jamus kuma da tauri. Mai Corolla ko Accord ba ya buƙatar ƙarfin da mai Marsandi zai nema.

Wuta, ƙura da rana

Abin da bayanan ƙasashen waje ba sa faɗa shi ne halin da injin zai tarar a Najeriya. Wutar gida a nan bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Injin da aka yi don kasuwar Amurka, ko sabo ne ko na gwanjo, idan aka jona shi kai-tsaye zai ƙone, sai an haɗa shi da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin injin da rata. Na kasuwar Ingila da sauran Turai ba su da wannan matsala. Bambancin bai tsaya a wuta ba: sandar masu juyi ɗaya na Turai zarenta M14 ne, na Amurka kuma inci 5/8, don haka faifan wannan ba ya hawa wancan.

Sai batun janareta. Manyan masu juyi ɗaya suna jan wat 1,200 ko fiye, Flex XC 3401 na jan 900, yayin da Rupes LHR15 ke tsayawa a 500. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba zai ɗauki na ƙarshen, amma zai shaƙe a ƙarƙashin na farko. Yawan wat a jikin kwali ba shi ne ma'aunin nagarta ba, domin inji mai kyakkyawan daidaito yakan riƙe juyinsa da ƙaramar wuta fiye da mai babban adadi da ke ɓarnatar da ita a girgiza da zafi. Masu batir sun warware matsalar ɗaukewar wuta da ta waya mai jan jikin mota, amma sai da batir biyu aƙalla, kuma zafin watan Afrilu ba abokin batir ba ne. Idan injin mai burushin kabon ne, ya kamata a tabbatar ana samun burushin a kasuwa kafin a biya kuɗi, haka ma faifai da soso, domin inji mai tsada da ba a samun kayansa ya zama kayan ado. Jabu ma sun yi yawa, musamman masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni a kan farashin da hankali ba zai ɗauka ba.

Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Maris, tana da hannu a matsalar tun daga tushe. Akasarin karcen da ake neman inji don a cire, tsumman da ake share mota da shi a bushe kowace safiya ne ya zana su, domin ƙurar na ɗauke da burbushin yashi da ya fi fenti tauri. Ƙwaya ɗaya idan ta shiga tsakanin soso da fenti, injin zai zagaya da ita ko'ina. Saboda haka aikin na cikin rumfa ne ko gareji, bayan wanki mai kyau, a kan jikin da ya huce. A rana man yakan bushe kafin ya gama aiki. Wanda kuma bai bar sharar bushe ba zai koma gidan jiya cikin 'yan makonni, da fatar sama da ta ƙara siranta.

Wannan ne ya sa na'urar auna kaurin fenti ta cancanci shiga cikin kasafin tun kafin injin. Yawancin motocin da ke kan titunan ƙasar nan na hannu ne, an goge su a baya ba a san sau nawa ba, wasu an sake musu feshi. Na'urar tana auna jimillar kaurin da ke kan ƙarfe, ba fatar sama kaɗai ba, kuma masu rahusar ba sa aiki a kan roba, amma duk da haka tana ba da labari. Wurin da ya nuna ƙasa da maikiron 80 wuri ne na taka-tsantsan. Wanda ya haura 250 ko 300 galibi an sake masa fenti, idan kuma adadin ya yi tsalle sosai, akwai cikon masu gyaran jiki a ƙasa. Fentin gareji ba a san halinsa ba sai an taɓa, wani ma ba shi da fatar sama ko kaɗan, abin da ake ganewa idan launin motar ya fito a jikin soso.

Ko wane inji aka saya, aikin farko shi ne gwaji a ɗan fili da bai wuce santimita 40 a kowane gefe ba, da soso mafi laushi da mai mafi sauƙi, bayan an rufe bakin ƙofofi da robobi da tef. Sai wannan ya gaza ake ƙara kaifi, mataki-mataki. Karcen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya riga ya yi zurfin da kankare shi zai cinye fatar wurin, don haka ana rage kaifin bakinsa ne kawai ya daina ɗaukar ido, a bar shi a haka.